Dodannina duk kamarsu ɗaya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan lakkol ne a Tawa, shekarata 17. Tun ina ƙarami nake zana dodanni da wasu halittun da babu su a duniya, da bik a bayan kaye. Shekara biyu ke nan ban ga na ƙaru ba. Duk wanda na zana sai ya fito kamar na katun ɗin Japan da nake kallo a waya, ƙafafunsa a sandare. Abokaina suna yabawa, ni kuwa raina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, na ga zane ukun da ka haɗo da wasiƙarka. Hannunka ba ya rawa, wannan na yaba. Sai dai dodanninka ba su da ƙashi. An cusa musu haƙora da ƙaho da farce, amma da za a ce su tashi su yi taku uku, kifewa za su yi.

Ni ma an taɓa faɗa mini haka. Ina yaron shago a wajen wani mai rubuta alluna a nan Yamai, na zana doki mai fukafukai na kai masa ina taƙama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To fiffiken nan, a ina ya kama?" Ban da amsa, don manna shi kawai na yi a gadon baya. Daren nan da aka dafa kaza a gidansa ya hana a zubar da ƙasusuwan, ya sa na wanke su na jera a kan tabarma. A nan na gane fiffike hannu ne, da kafaɗarsa da gwiwarsa, kuma naman ƙirji ne ke jan sa. Haushi ya hana ni barci, amma washegari na sake dokin.

Kai kuwa kana zaune kusa da makarantar da ta fi kowace, wato kasuwar dabbobi. Ranar Lahadi ɗauki kayenka ka nemi inuwa. Kalli raƙumi: in zai durƙusa gaba yake fara kaiwa ƙasa, in zai tashi baya yake fara ɗagawa, in yana tafiya kuma ƙafafun gefe ɗaya tare suke motsi. Doki da gaba yake fara tashi. Abin da yara ke zanawa a ƙafar baya suna cewa gwiwa ce ta juya, diddige ne. Gwiwar tana can sama, dab da ciki. Wannan kaɗai in ka kama shi, sandarewar nan ta tafi. Leƙa idon akuya ka ga baƙin a kwance yake. Kada ka tsaya gyara, dabba ba ta jiran kowa. Minti ɗaya, zane ɗaya, ka juya shafi.

In ka koma gida, kafin ka ja layi, tambayi dodonka me yake ci. Mai farauta idanunsa a gaba suke, wanda ake farauta nasa a gefe. Kura ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta ya gangara, kuma rabin tsoron da take bayarwa daga nan yake. Ara wannan gangarar, ɗora mata wuyan raƙumi da fatar kada, ka ga abin da zai fito.

Ƙasarmu ma ta taɓa ɗaukar abubuwan da suka fi ƙarfin tunaninka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono ƙasusuwan Nigersaurus, dabbar zamanin dā mai haƙora sama da 500 da baki shimfiɗaɗɗe kamar bakin shebur, aka raɗa mata suna a 1999. Jobaria kuwa, wata babbar dabbar zamanin dā da aka samu ƙasusuwanta wajen Ingal, sunanta daga Jobar aka ɗauko, wata halitta ta labaran Buzaye. Duk ranar da ka shigo Yamai ka je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai kwarangwal ɗin irin waɗannan manyan dabbobi, ga kuraye da dorina masu rai a gefe. Ka ba shi wuni guda.

Batun katun, ban ce ka daina kallo ba, kowa da kwaikwayo ya fara. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaranmu sun haddace dodannin Japan, alhali Dodon tatsuniya da kakanninmu suka tsorata mu da shi har yau kowa da irin siffar da yake ba shi a ransa. Je wurin kakarka ta ba ka labarinsa da dare, ka saurari yadda yake tafiya da inda yake kwana.

Rubuta kwanan wata a kowane shafi, kada ka yage ko ɗaya komai muninsa. Bayan wata uku aiko mini da Dodon, tare da shafukan raƙuman.