Amsar tambayar Hajiya kan ayaba da garkuwar jiki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Hajiya, na saurari muryar da kika aiko daga Gusau, inda kike tambaya ko yawan cin ayaba zai ƙara wa yaranki garkuwa, tunda kin ji cewa ƙwayoyin garkuwar jiki suna aiki da sinadarin fotasiyam, wanda ake samu a cikin ayaba.

Abin da kika ji gaskiya ne, amma yawan sinadarin ba shi ke tafiyar da lamarin ba. Duk wanda ya san dam ɗin Bakolori ya san cewa ruwan da ke isa gonakin shinkafa ya danganta ne da buɗe ƙofofin dam ɗin. Haka farar ƙwayar jini da ake kira T take, cikinta cike da fotasiyam, kusan ninki 30 na wanda ke cikin ruwan jini, a jikinta kuma akwai ƙananan ƙofofi iri biyu, Kv1.3 da KCa3.1. A 1984 masana a Amurka suka fara gano irin wannan ƙofa a ƙwayar T ta ɗan Adam. Idan ƙwayar ta gamu da ƙwayar cuta, sai ƙofofin su buɗe fotasiyam ya fita, fitarsa kuma ita ke sa wani sinadarin mai suna kalsiyam ya ci gaba da kwararowa ciki ta wata ƙofa dabam, shi kuwa kalsiyam shi ke tayar da ƙwayar ta hayayyafa ta shiga yaƙi.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne cututtukan da garkuwa ke juyawa ta afka wa jikin mai ita, kamar amosanin gaɓoɓi. A nan ƙwayoyin da ke ɓarna suna ɗauke da Kv1.3 masu yawan gaske, saboda haka ake neman maganin da zai toshe su kaɗai. Dafin wasu kunamu yana toshe wannan ƙofa, kuma da shi masana suka yi ta nazarinta.

Ita kuwa KCa3.1 tana nan a jajayen ƙwayoyin jini ma, kuma ta nan ƙwayar mai sikila ke rasa fotasiyam da ruwa har ta bushe. An gwada maganin senikapok don rufe ta, jinin marasa lafiya ya ɗan ƙaru, amma bai rage tashin ciwon ba, sai aka dakatar da gwajin.

Ki ba yara ayaba, Hajiya, abinci ce mai kyau, ƙoda kuma tana zubar da rarar fotasiyam ɗin ta fitsari. Amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna, domin fotasiyam idan ya taru a jini yana rikita bugun zuciya. Wassalamu alaikum.