Ga mai son karanta adabi a kwalejin al'umma a Amurka

Ƙanina, ka tambaya ko za ka iya zuwa Amurka ka karanta adabi a kwalejin al'umma (community college, mai karatun shekara biyu), tunda kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma ko takardar za ta wadatar da kai. Zuwa dai ya rataya ne a kan samun biza, kuma takardar ita kaɗai ba za ta kai ka ko'ina ba. Digirin AA (Associate of Arts) na shekara biyu da kwalejin ke bayarwa an tsara shi ne don ka wuce jami'a ka ƙarasa sauran biyun. In ka koma gida da shi kaɗai, ko bautar ƙasa ba za a ɗauke ka ba.

Kiredit 60 ake nema (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), kuma mafi yawansu ba adabi ba ne. Akwai lissafi, kimiyya har da shiga ɗakin gwaji, tarihi, da kwas biyu na rubutun Turanci. Adabin kansa bai cika wuce kwas huɗu zuwa shida ba, galibi na Amurka, na Ingila da na duniya. Kafin rajista ana auna Turancinka da lissafinka, wasu kwalejojin da jarrabawar Accuplacer. Wanda bai taka rawar gani ba sai a tura shi ajin share fage: zai biya kuɗi, zango ya tafi, ba a lissafa masa ko kiredit ɗaya a digirin.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne rubutu. A gida an saba malami ya ba da bayani, a haddace, a mayar masa. Nan kuwa za a miƙa maka waƙa mai layi goma sha huɗu a ce ka rubuta shafi biyar, ka kafa hujjarka, ka nuna layin da ya goyi bayanta, ka jera madogararka bisa tsarin MLA, wato ƙa'idar ambaton madogara. Jimla ɗaya da ka kwaso daga intanet ba ka ambaci mai ita ba, manhajar gano satar rubutu ta Turnitin za ta iya kamawa, kuma hakan na iya kayar da kai kwas ɗin. Akwai cibiyar taimakon rubutu a kwalejin, kyauta ce. Ka je tun makon farko, ba ranar miƙa aiki ba.

Tun zangon farko ka zaɓi jami'ar da za ka koma, ka zauna da mai ba ɗalibai shawara ku daidaita kwasa-kwasanka da abin da take karɓa. A Kalifoniya shafin ASSIST yana nuna wannan kwas bayan kwas. Sakamakon da ya gaza C yawanci ba ya bin ka jami'a. Ka kuma tabbata AA ka shiga, ba digirin AAS ba, don shi AAS na masu sana'a ne.

Batun biza: sai kwalejin ta ga shaidar kuɗin shekara guda, har da na haya da ci, kafin ta ba ka I-20, takardar da za ka nemi biza da ita, sannan ka biya dala 350 ta SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje. Ɗan Kalifoniya dala 46 yake biya kan kowane kiredit, kai kuwa ninkinsa sau da yawa. Da bizar ɗalibai ta F-1 dole ka riƙe kiredit 12 kowane zango, kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirga maka a ciki, aiki kuma sa'a 20 a mako cikin harabar makaranta, wanda ba zai biya maka kuɗin karatu ba. Tun 2025 an tsaurara wa 'yan Najeriya da Nijar dokokin biza, don haka ka duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin ka tura wa kowace kwaleji ko kwabo.