Hukuncin Sayen Tufafin Da Aka Tsufar Da Su Da Gangan

Tambaya: Malam, ina karatu a Faransa. A nan manyan masu tsara tufafi suna fitar da kaya a yage, a koɗe, kamar an shekara ana sawa, ga tsada. Ya halatta in saya, har in yi salla da su?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗana, wannan yayi ya daɗe. Tun 1982 Rei Kawakubo, wata mai tsara tufafi 'yar Japan, ta fito da rigar sanyi mai ɓule-ɓule, a 2022 kuma kamfanin Balenciaga ya sayar da takalmi yagagge kaca-kaca a kan dala 1,850.

Asalin tufafi halacci ne, kuma yagewa ba najasa ba ce. In tsaga ba ta bayyana al'aurarka ba, wato tsakanin cibiya da gwiwa, sallarka ta yi. Cinikin ma ingantacce ne, tunda ka ga aibin da idonka ka yarda. Dilan da zai kwaso gwanjo ya ce kamfani ne ya tsufar da shi, wannan ya yi algus.

Inda nake jin nauyin abin shi ne niyya da kuɗi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Anas ya ga Sayyidina Umar, yana halifa, da faci uku tsakanin kafaɗunsa. Rigar ce ta gaji ya lallaɓa ta, ba tela ya biya ya yaga masa sabuwa ba. Da Manzon Allah (SAW) ya ga wani mai dukiya cikin ƙasƙantattun kaya, umartarsa ya yi da ya bari a ga alamar ni'imar Allah a jikinsa. Abu Dawud kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani kan tufar neman suna, malamai suka ce ta haɗa da mai tsananin ƙawa da mai tsananin lalacewa. Mai kuɗin da ya sayi kamannin talauci don a kalle shi, ai duka biyun ya haɗa.

Saboda haka, ɗan koɗewa ko faci da mutanen wurin suka saba gani, a farashin da bai fi ƙarfinka ba, babu laifi. Yadi mai ƙwari da ke ƙara kyau in ya sha jiki, wannan ma ya fi mini. Zuba maƙudan kuɗi a tsumma don a nuna ka da yatsa kuwa, mafi sauƙinsa makaruhi, in ya kai almubazzaranci ko alfahari haramun ne. Kai ɗalibi ne, wataƙila ma da guminsa mahaifinka yake turo maka kuɗin.

Wallahu a'alam.