Amsa kan horar da malamai don kula da yaran da rikici ya raba da gidajensu

Malama, kin tambaya ko malamin firamare yana buƙatar horo na musamman kafin ya koyar da yaran da suka gudo Kano daga Borno ko Zamfara. A ganina yana buƙata ƙwarai, domin takardar NCE, wato shaidar kammala koyon aikin malanta, ita kaɗai ba ta shirya mu ga irin waɗannan yara ba.

A ajina akwai yaron da ya shige ƙarƙashin benci yana makyarkyata ranar da tayar wata Adaidaita ta fashe a bakin titi. Da ban sami horo ba, da na ɗauka iskanci ne na ɗaga bulala, alhali ƙarar bindiga ya tuna. Abin da aka koya mini shi ne in durƙusa kusa da shi, in kira sunansa a hankali, kada kuma in tilasta masa ba da labarin abin da ya gani.

Littafin taimakon farko ga wanda ya firgita, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ya tsaya kan abu uku: duba, saurara, sannan ka haɗa mutum da mai taimako. Na ukun nan ne muka fi sakaci da shi, alhali kuwa malami ba likita ba ne. Idan yaro ya yi makonni ba ya barci ko ya daina magana, a shawarci iyayensa ko mai riƙonsa su kai shi Asibitin Malam Aminu Kano.

Ki nemi shugaban makarantarku ya rubuta wa SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, buƙatar horon, kuma a sa malaman Islamiyya a ciki.