Amsa ga mai tambaya kan hayaniya a filin karaban

Sannu Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Ka rubuto cewa a hutunku na Agusta hayaniya ta hana ku barci a filin karaban, wato ɗakunan kwana masu taya na 'yan hutu, mai filin ya ƙi maida kuɗi, kana neman mafita. A ce mutum ya biya kuɗin mako guda, ya kwashi iyali zuwa ƙauyen Ingila don a huta, sai ga ƙara kamar harbi tun asuba, ga gurnanin inji dare farai, yara sun kasa runtsawa. Duk wanda ya taɓa kwana a karaban ya san zafin wannan.

Ta asubar nan da alama bindigar gas ce da manoma ke girkawa don korar tsuntsaye. Gurnanin kuwa, tunda Agusta ne, injin busar da hatsi ne, ko motar girbi da ba ta tashi sai raɓa ta sauka. Bangon karaban kaurinsa bai fi yatsu biyu ba, tagogin ma roba ce, shi ya sa ƙara mai kauri ke ratsowa kai tsaye.

Ni mai filin ne ke ƙona min rai. Ya sani sarai! Kowace shekara ake girbin nan a bayan shingensa, amma ya jera hotunan tumaki da ciyawa, ya rubuta wuri ne shiru. Ya karɓi kuɗin magidanci, da aka koka ya ce ai haka ƙauye yake, ba ya maida kuɗi. Yaro na kuka ƙarfe uku na dare, uwa na jijjiga, shi yana can gidansa mai kaurin bango yana minshari. Wannan cin amana ne. Ka ɗauki hoton tallar nan yau, kafin ya sauya ta.

Ka nemi ya sauya maka gurbi. Inji da ke tsaye wuri guda, duk ninka tazara na rage desibel 6 a ma'aunin ƙarfin ƙara, babbar hanya kuwa 3 kacal. Shingen itatuwa ba ya tare komai. Bayan gini ko tudun ƙasa za ka nema. Rufe tagar sama da dare, amma don Allah kada ka toshe ƙananan kafofin iska na ƙasa da na rufi, saboda gas aka yi su, rai ake magana.

Abin toshe kunne na soso, nemi mai lamba SNR 35, wato ma'aunin yadda yake rage ƙara. Murza shi ya sirance, ja kunnen sama, zura, ka riƙe daƙiƙa 30. Banda ƙananan yara, su fanka za ka kunna musu. Wayarka kuma sa ta a jijjiga ƙarƙashin matashi, kada asuba ta wuce ka.

Rubuta lokacin kowane harbi, ka ɗauki bidiyo. Ƙa'idar ƙungiyar manoma ta NFU ta ce kada a wuce harbi huɗu a awa. Ƙaramar hukuma na karɓar ƙorafin hayaniya a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, sai dai ba ta shafi motocin kan titi ko jiragen sama ba, kuma kafin su motsa hutunka ya ƙare. Wajen kuɗi za ka fi samun sa'a. Tura wa mai filin imel, kada ka tsaya a fatar baki. In da katin bashi ka biya kuma kuɗin ya haura fam 100, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ba ka damar bin bankinka kan an sayar maka da abin da ba shi aka tallata ba. Haɗa musu hoton tallar da bidiyon da amsarsa.