Kawu, Ga Amsar Tambayarka a Kan Zangonmu

Kawu, barka da war haka. Ranar da muka zauna a ƙofar gidanka a Samaru bayan ɗaurin aure, ka tambaye ni dalilin da ya sa har yau muke kiran unguwarmu ta Nima zango alhali tana tsakiyar Akara, babban birnin Ghana, kuma ta yaya Bamoshe (ɗan ƙabilar Mosi) da Bazabarme za su ce mu da su ɗaya ne. Hidimar biki ta hana ni amsawa, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Nima da kake ji, da can makiyaya ce a bayan gari. A 1931 iyalin Odoi Kwao, daga cikin ƙabilar Ga masu ƙasar, suka ba Alhaji Amadu Futa wurin ya zauna da shanunsa da almajiransa. Lokacin yaƙin duniya na biyu sansanonin soja suka cika kewayen, masu neman aikin gadi da dako da wanki suka yi ta kwararowa daga arewa. Kowa ya kafa ɗan ɗakinsa a inda ya samu, ba tsarin layi ba magudanar ruwa, shi ya sa har gobe akwai lungunan da mutum biyu ba sa iya gilmawa sai ɗaya ya karkace. Birni ne ya biyo mu ya haɗiye mu, kamar yadda ka ba ni labarin gonar gwaji ta 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 suka mai da Samaru gari.

Bambancin shi ne, ku a Zazzau kuna da ganuwa, baƙo kuma yana da Sabon Gari da Tudun Wada. Mu kuwa dukkanmu baƙi ne a ƙasar wasu. Saboda haka ba a tambayar mutum asalinsa kafin a shimfiɗa masa tabarma. Kakanmu da ya zo da fataucin goro, wani Bazabarme ne ya sauke shi a zaurensa, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kasuwa har ya kama ƙasa. Wannan shi muke kira maigida, kuma jikokinsa 'yan'uwanmu ne, ba a yin suna ko jana'iza a gidanmu ba su. Kowace ƙabila tana da sarkinta da ke sasanta rigima, amma Hausa ce ke haɗa mu a masallaci da kasuwa. Na ga kuna murmushi da na ce wa Inna “ya zo”. Haka Hausarmu ta koma a bakin mutane masu harsuna barkatai, ba na jin kunyarta ko kaɗan.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Gidaje suka watse, har da waɗanda aka haifa a nan. Kakarmu ba ta taɓa ba da labarin ba tare da hawaye ba. Waɗanda suka rage su suka riƙe wa mutane ɗakunansu da marayunsu, tun daga nan kuma kalmar zango ta ƙara nauyi a bakinmu.

Ka daure ka zo da babbar Sallah, Kawu. Zan kai ka kasuwar Laraba, ka sha koko da ƙosai da sassafe, ka ji Bayarabe da Ga suna ciniki da Hausa. A gaida Inna da yara.