Tambaya da Amsa: Ɗana yana sanin mafarki yake yi, an ce maita ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ne mai shekara 16. Ya ce idan ya koma barci bayan sallar asuba, yana tsakiyar mafarki sai ya gane mafarki yake yi, har ya tashi sama in ya ga dama, ko ya farkar da kansa. Ya ba abokansa labari, yanzu magana ta zaga gari, wasu na cewa maita ce, wasu aljanu. Kawunsa ya karɓo masa jiƙo da 'ya'yan zaƙami a ciki. Wallahi ko runtsawa ba na yi. Daga wata uwa, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kafin komai ki zubar da jiƙon nan inda yara da awaki ba za su kai ba.

Abin da ɗanki yake yi ba ciwo ba ne. Bincike ya nuna fiye da rabin mutane sun taɓa farga suna cikin mafarki, ko da sau ɗaya. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma zangon da aka fi yin mafarki, wanda idanu ke kai-komo a ƙarƙashin fata, ya fi tsawo gab da wayewar gari. Wanda ya tashi ya yi alwala da ruwan sanyi, ya yi salla, ya dawo ya kwanta, yakan faɗa wannan zango hankalinsa bai gama kwanciya ba. Sai ya ga rijiya a tsakar ɗaki, ko ya ƙirga yatsunsa ya samu shida, ya ce a'a, wannan mafarki ne. Masu komawa barci bayan sahur sun san wannan.

An ma gwada shi da na'ura. A 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, wani mai bincike, Keith Hearne, ya shirya da wani mai irin wannan mafarki cewa da ya farga ya juya idanunsa hagu da dama, na'urar kuwa ta nuna alamar alhali mutumin yana barci. Ido aka zaɓa don a wannan zango gaɓoɓi a sake suke, ba sa motsi. Wannan sakewar ce in ta biyo mutum bayan ya farka ake cewa dannau.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Zaƙami guba ne, ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Ba shi da ma'auni, don ƙarfin 'ya'yan wannan tsiro daban yake da na wancan, mai maganin kansa bai san abin da ya jiƙa ba. Yaro ya sha, baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai sambatu, yana tsintar abin da babu a kan tabarma, yana kiran sunayen mutane. Nan ne fa jama'a za su taru a ƙofar gida su ce ai ga shi, ya fara tonon asiri. Gubar da aka ɗura masa ita ta haifar da shaidar da ake nema! Sunan duk tsohuwar da ya fito daga bakinsa a wannan hali, ta shiga uku ba ta ci ba ba ta sha ba. Mai magani kuwa ya karɓi kuɗi da zakara, gobe a ƙara masa suna. Haka hayaƙin barkono da bulala, yaron da aka shaƙe da hayaƙi zai amsa duk laifin da aka ɗora masa. In ya riga ya kurɓa, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar jiƙon.

Abin da zai sa ki nemi likita daban ne: in yana jin muryoyi ido biyu, ko ya kasa raba mafarki da zahiri, ko yana naushi da shuri cikin barci, ko ya tashi ya ciji harshe ya jiƙa shimfiɗa, ko barci yana kwashe shi da rana tsaka ana cikin hira. Ki kuma bincika a hankali ko yana taɓa tiramol ko kodin. In akwai ɗaya daga ciki, ku fara da babban asibitin yankinku, su za su tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau in da buƙata.

In mafarkin yana damunsa, ya kwanta da wuri bayan isha, ya ajiye waya, ya samu awa 8 zuwa 10, ya bar komawa bayan asuba, ya rama da ƙailula. Ya daina ba da labarin a majalisa. Mahaifinsa kuma ya je ya samu liman da mai unguwa tun a makon nan, ya yi musu wannan bayani kafin wani ya riga shi.